Shekarar da Aka Ce Ni Ke Tufka wa Hauni Igiya

Wata ranar kasuwar Gummi ruwan sama ya koro samari uku cikin rumfata. Suka tsaya suna kallona ina tufka igiyar akuya. Ɗaya ya ce da ɗan'uwansa, "Wagga ma sana'a ce? Murza-murza kawai, ko Innata tana yi." Na miƙa masa rama sili biyu, na ce ya tufka mini kamu ɗaya kafin ruwa ya ɗauke. Ya naɗe wando, ya ɗora a cinya, ya yi ta fama har gumi ya keto masa. Abin da ya miƙo mini, ja ɗaya na yi masa ya rabu biyu kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Abokansa suka yi ta yi masa dariya. Shi ya sa da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta abin da ya fi sani, na ce ni igiya zan rubuta, ko irin waɗannan samari sa karanta.

Wurin Kawu Na-Allah na koya, yayan Innata, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko a gidansa ko sili ɗaya bai bari na murza ba. Aikina jiƙon rama. Da kaka ake yanke ta, a ɗaure dami-dami, a kai fadama a nutsa cikin kududdufi, a danne da duwatsu. Kullum da safe sai in shiga ruwan har ƙugu, in zaro kara ɗaya in gwada da farce. In ɓawon ya ƙi sakin karan, da saura. In ya saki yana narkewa a hannu, an makara, ramar ta ruɓe, igiyarta ba za ta riƙe ko ɗan akuya ba. Tsakanin nan biyu 'yan kwanaki ne kaɗan, kuma ba mai gaya maka su sai farcenka. Ga wari. Wanda bai taɓa shaƙar ruwan jiƙon rama ba, bai san wari ba. In na fito, matsattsaku sun manne mini a ƙwauri, masu tallan fura kuwa da sun hango ni sai su canja hanya. Na kai ƙara wurin Inna. Ta ce, "Warin da zai ciyar da kai turare ne. Koma."

Ran da Kawu ya fara ba ni tufka, sai ya sa na zauna na miƙe ƙafa, ya maƙala bakin ramar a babban yatsana. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa, kwanon ruwa don jiƙa hannu, turke in igiyar ta yi tsawo, sai ɗan ƙahon akuya da ake buɗe riɓi da shi in za a saƙa hanci, wato zoben bakin igiya. Kowane sili kana murza shi gefe ɗaya, sannan ka haɗa su ta ɗaya gefen. Kowanne yana so ya warware, ɗan'uwansa ya hana shi, wannan turjiyar ita ce igiya. Wurin ƙari ake gane gwani. In sili ya kusa ƙarewa za ka sa masa sabuwar rama, amma ba a yin ƙari biyu wuri ɗaya, don nan za ta tsinke. Kawu yakan rufe ido ya bi igiyata da yatsa. Inda ya ji ƙullutu sai ya tsaya ya ce, "Nan kana tunanin tuwo." Ya warware har wurin, in sake. Har yau cinyata ta dama ba gashi ko ɗaya, sumul take kamar bayan ƙwarya.

Masu saye iri-iri ne. Mata masu awaki, su ne gwanayen ciniki, sai su ja igiyar da haƙori kafin su ce ta yi tsada. Masu jakuna suna son dabaibayi mai laushi wanda ba zai ci ƙafa ba. Masu yasar rijiya suna son mai kauri. Amma abin da ke ci da gidan matufki a wajenmu Fulani ne, musamman dangwali. Dangwali doguwar igiya ce da ake kafewa da turke biyu a ruga, a jera maruƙa a jikinta, kowane da wurinsa. Bafulatani ba ya wasa da ita. Ba a tsallake ta, ba a barin kowane hannu ya taɓa ta, don sun ce arzikin garke a jikinta yake. Ardo Buba, wanda rugarsa take wajen hanyar Bukkuyum, a wurin Kawu yake sayen uwar igiyar, da Kawu ya rasu ya dawo wurina, mutanensa duka suka biyo shi. Da igiyar roba ta shigo kasuwa, mutanen gari da yawa sun koma can. Ni ma na koyi warware buhu in tufka zarensa, don ba a faɗa da zamani. Amma rana tana cin roba ba tare da ta nuna a ido ba. Ardo ya san haka, bai taɓa barina ba, sai a shekarar da zan ba ku labari.

Akwai wani ɗan unguwarmu, gandiroba ne a babban gidan yari na birni, zan kira shi Kofur Isa. Ba sunansa ke nan ba. Yanzu ya ajiye kaki ya koma noman shinkafa, shi ya yarda in rubuta, ya ce dai in canja suna. Ya same ni bayan la'asar ina shanyar rama, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce yana son igiya biyu masu riɓi uku, kaurin hannun tabarya, dogaye sosai, waɗanda za su ɗauki ƙato ko da ya suɓuce ya faɗo.

Na ce, "Kofur, rijiya za ka gina?"

Ya matso. Ashe ya haɗa hannu da wasu a wani ramin zinariya wajen Gwashi. Lokacin nan gwamnati ta hana haƙa. Leburorin da ke shiga ramin baƙi ne daga nesa, kuma igiyar robar da suke sauka da ita ta tsinke da wani, Allah ya yi da sauran kwanansa, ƙafa kawai ya karya.

Ya ce, "Bawa, in maganar nan ta fita, aikina ya tafi. Ba aikin kaɗai ba. Ɗakin da nake kullewa da hannuna, nan za a kulle ni. Amana ce."

Na ce, "Na karɓa."

Ban taɓa yin igiya da natsuwa irin wannan ba. Na zaɓi ramar da ta fi tsawon zare, na tsefe ta, na yi sili uku, kowanne shi kansa igiya ne, na kafa turke a bakin zaure na ja har bayan masallaci. Duk ƙarin da zan yi sai na tuna mutum ne zai rataya a kai, mai uwa da 'ya'ya a wani gari.

Kawu ya koya mini cewa igiyar da za ta ɗauki rai ba ta barin hannunka sai ka gwada ta. Don haka ran da Kofur ya zo karɓar ta farko, da hantsi, na cika buhu da yashi daidai nauyin ƙato, na zarge bakinsa, na jefa igiyar bisa reshen tsamiyar ƙofar gidana. Kofur kuwa daga nan wurin aiki zai zarce, saboda haka da kakinsa ya zo, har da hula. Muka ja buhun sama, muka sake shi. Ya faɗo ya tsaya cak, yana reto. Kofur ya goya hannu a baya, ya kewaya buhun, ya ce, "Ƙara ɗaga shi. Sake shi da ƙarfi, in gani." Muka sake. Reshe ya yi ƙara, igiya ko gezau.

Ni igiya nake kallo. Ban ga abin da masu wucewa suke gani ba: gandiroba cikin kaki, igiya mai zarge, da abu mai girman mutum yana lilo a bishiya.

Sai ga Ɗanjumma. Ɗanjumma ɗan Kawu Na-Allah ne, taubashina ke nan, wanda ya gudu daga warin rama ya koma yasar rijiya. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, haka al'ada ta ba mu. Ya tsayar da kekensa, ya dafa kai.

"La'ilaha illallahu! Bawa, ashe kai aka ba kwangilar hauni? Kofur, don Allah in kun tashi ku fara da shi, ya san kan kayansa!"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Kofur ne bai yi ba. Ya naɗe igiyar da sauri, ya cusa a buhu, ya ɗaure bayan mashin, ya tafi ko sallama babu. Wannan saurin shi ya ɓata komai.

Ku yaran yanzu wataƙila ba ku san hauni ba. Shi ne mai zartar da hukuncin kisa a zamanin da. Kafin mako ya zagayo, ba a maganar komai a teburin mai shayi sai ita. Kowa ya zama lauya. Wani ya ce mai kisan kai rataye shi ake yi, ɗan fashi kuwa harbi. Wani ya ce a shari'ar Musulunci dangin mamaci suna da ikon yafewa ko su karɓi diyya. Wani tsoho ya ce shi da idonsa ya ga an ɗaure 'yan fashi jikin ganga an harbe a fili, zamanin soja, har da masu tallan gyaɗa a wurin. Ya ce, "Da, kowa ya san hauni, ya san gidansa. Yanzu ɓoye shi ake yi. To wanda aka ɓoye, ina zai sayi igiya in ba a ɓoye ba?" Sai duk suka juyo suka dube ni. Na ajiye kofina da sauran shayi a ciki.

Na ce, "Jama'a, igiyar nan ba ta rataya ba ce."

Suka ce, "To ta mece ce?"

Da na iya ƙarya, da na ce rijiya Kofur zai gina, magana ta ƙare. Amma an san gidansu da famfo, ni kuma in na yi ƙarya kunnena rawa yake yi, duk garin an sani. Na ce, "Ba zan iya faɗi ba." Suka kaɗa kai irin na waɗanda aka gaya wa duk abin da suke son ji.

Ɗanjumma da ya ga wasa ya zama gaske, ya bi rumfa-rumfa yana rantsuwa cewa tsokana ce ta taubasai. Aka ce ai dole ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Abin da baki ya ƙulla, hannu ba ya kwance shi.

Da farko mata masu awaki suka ɗauke ƙafa. Sai yara suka fara bina suna "Hauni! Hauni!", in na waiwaya su watse. A masallaci wanda ke kusa da ni sai ya bar ɗan fili tsakanin kafaɗarmu, har liman ya ce a daidaita sahu. Duk wannan na jure. Ran da Ardo Buba ya zo ne na san shekara ta ɓaci. Ya tsaya daga bakin rumfa, sandarsa a kafaɗa, bai miƙo hannu ba.

Ya ce, "Bawa, ni da kawunka mun ci goro ɗaya shekara da shekaru. Gaya mini, igiyar nan ta mi ce?"

Na ce, "Ardo, ba ta wuyan kowa ba ce. Iyakar abin da zan iya faɗi ke nan."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma hannun da ake shakka, ba ya taɓa dangwalina." Ya wuce rumfar gaba ya sayi igiyar roba mai launin shuɗi. Fulanin yankin duka suka bi shi.

Daminar nan ƙodago na yi a gonakin shinkafar mutane, ni da ban taɓa yi wa wani noma ba. Rama tana jibge a ɗaki gara tana ci. Igiyar Kofur ta biyu tana rataye a bango, don tsoro ya hana shi zuwa karɓa, ko gida ya daina zuwa hutu. Maiɗakina Hajara takan dube ta ta ce, "Malam, fitar mini da abin nan. Ko makwabta sun daina aron turmina." Ta kuma tambaye ni gaskiyar magana ba sau ɗaya ba. Na ce amana ce. Ta ce, "Amanar da ta cinye mana hatsi." Ba ta yi ƙarya ba.

Mai saye ɗaya na samu a watannin nan. Wani mutum mai babbar riga ya zo daga Anka, ya ja ni gefe, ya ce bokansa ya ce ya nemo guntun igiyar hauni ko kamu ɗaya ne, zai tsaya takarar kansila. Abin da ya taya zai cika mini rumbu. Na dubi rumbun, na dube shi. Da na yanka masa, da na sa hannu a kan ƙaryar da kaina. Na ce ba ni da irin wannan kaya. Ya ƙyafta mini ido ya ce, "Na gane, an hana ku faɗi." Ya tafi yana ganin girmana.

Daga ƙarshe na yi shawara da kaina. Na ce tun da hukuma ake cewa na yi wa aiki, bari in je hukuma ta wanke ni. Na sa rigata ta Juma'a, na hau bas zuwa birni. A ƙofar gidan yari aka tambaye ni wa na zo gani, na ce babba. Aka yi ta dariya, amma da na ƙi tafiya sai aka kai ni wurin wani jami'i mai furfura, mutum mai fara'a. Ya sa aka kawo mini ruwa. Na ba shi labari duka, ban da sunan Kofur da maganar rami. Da na zo wurin buhun yashi sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. A aiko mutum ɗaya ranar kasuwa ya faɗa wa jama'a ba ni ke yi muku igiya ba."

Ya gyara zama. Ya ce, "Malam Bawa, bari in gaya maka yadda abin yake. Alƙali ne ke yanke hukunci, kuma doka ce ta faɗi hanyar da za a bi, ba mu ke zaɓa ba. Bayan nan akwai ɗaukaka ƙara. Bayan nan sai gwamna ya sa hannu, su kuma ba son sa hannun suke yi ba. Muna da mutanen da suka yi furfura suna jira. Ni tun da aka kawo ni gidan nan ban ga an yi ba. Amma wane ne mai yi, wace rana, daga ina kayan aiki suke zuwa, wannan ba a faɗi."

Na ce, "Ai ba cewa na yi a faɗi wanda ke yi ba. A faɗi wanda ba ya yi."

Ya ce, "Yau in ce ba kai ba ne. Gobe matufkin Anka ya zo, in ce ba shi ba ne. Jibi na Bukkuyum. Ran da aka tambaye ni game da wani na yi shiru, me na faɗa?"

Na yi tunani, na ga maganarsa tana da riɓi uku, ba inda za ka ja ta tsinke. Na ce, "Wato ni da ku ciwo ɗaya ke damunmu." Ya ce bai san nawa ba, amma nasa ke nan. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya ba ni hannu, ya dafa kafaɗata don ya ƙarfafa mini gwiwa.

Daidai lokacin wani direban garinmu yana tsallaken titi yana gyara taya. Kafin in iso gida, labari ya riga ni: an ga Bawa ya je karɓar kuɗinsa, har babban gandiroba yana rungumarsa. Hajara ta tarye ni a zaure ta ce, "Sannu da wanke kai."

Haka muka shiga rani. Wata ranar kasuwa da azahar ina zaune a rumfa ba ciniki, sai na ji ihu daga wajen kara, inda ake sayar da shanu. Akwai wata tsohuwar rijiya mai faɗin baki a can wadda ta kusa ƙafewa, gefenta ya zube. Karsanar Ardo Buba, wata fara mai ciki wadda yake ji da ita, ta ji ƙanshin ruwa ta matsa, ƙasa ta rufta da ita. Da na isa, mutane sun yi cincirindo. Ana jin kukanta daga ƙasa, ta nutse a laka har ciki. Wani mahauci har ya fara wasa wuƙa, yana cewa gara a sauka a yanka kada ta mutu mushe. Ardo yana tsaye a bakin rijiyar yana leƙawa.

An kira Ɗanjumma, don shi ne mai shiga rijiya. Aka kawo igiyoyin roba na Fulani aka haɗa. Ya ɗauki ɗaya, ya taka da ƙafa ya fizga, ta tsinke tana zubar da gari kamar alli. Rana ta gama da ita. Ya ɗaga murya yadda har masu rumfar gishiri za su ji.

"Ni ba ni shiga da wagga! Ina da mata biyu. In ana son in sauka, a ɗauko mini igiyar Hauni. Duk garin ga kun shaida tana ɗaukar ƙato, ku kuka gani da idonku!"

Kowa ya dubi Ardo, don shi ne mai saniya, kuma igiyar jikinta za ta taɓa. Wani ɗansa ya yi masa magana da Fulatanci, yana girgiza kai. Karsana ta sake yin kuka, wannan karon a raunane. Ardo ya dubi wuƙar mahauci, ya dube ni.

Ya ce, "Bawa, ɗauko."

Wani ɗan acaba ya kai ni gida. Hajara da ta ji abin da na zo ɗauka, ita ta ciro ta daga bango da kanta, ta ce, "Kada ka dawo da ita."

Muka gitta gungumen giginya a bakin rijiya. Na zo zan ɗaura wa Ɗanjumma, sai ya ja da baya ya kare maƙogwaro da hannu biyu. "A ƙugu fa, Bawa! Kada sabo ya ja ka!" Mutane suka fashe da dariya, har waɗanda suka daina gaishe ni. Muka zura shi sannu-sannu. Da ya isa ƙasa ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ni kuma daga sama nake gaya masa inda zai bi da ita a jikin karsanar: bayan ƙafafun gaba, ya sa tsohon buhu kada ta ci fata, ya kewayo ƙaho don kai ya tsaya sama, kada ya matse cikin. Ya yi kira. Majiya ƙarfi suka kama. Abin da ba su zata ba, rama ba ta zamewa a hannu mai gumi, ba ta ƙona tafi. Waɗanda jiya ba za su taɓa igiyata da sanda ba, ga su sun rungume ta suna "Ja! Ja!" Ni ina bakin gungume ina zuba ruwa inda take gogawa, ina sauraren ta. Igiya in za ta tsinke tana magana tukuna. Wannan ba ta ce komai ba.

Ƙahoni suka fara bayyana, sai kai, sai gaba. Aka kama aka jawo ta waje. Ta kwanta tana haki, baƙa ƙirin da laka. Can sai ta yunƙura ta miƙe, ta girgiza, ta watsa wa mahaucin nan laka a farar rigarsa.

Ana cikin murna sai muka ji murya daga ƙasa. "Jama'a! Akwai mutum a nan fa!"

Na leƙa. Na ce, "Wane ne?"

"Bawa, bar wasa, ruwan ga da sanyi!"

"Ai igiyar hauni ce, ba ta dace da mutumin kirki ba. Bari a nemo maka ta roba."

"Na tuba! Ƙarya na yi! Wallahi bakina ne, bakina ya fi rijiyar ga faɗi!"

Na ce ban ji ba, ya ƙara. Sai da ya faɗa sau uku, kasuwa duka tana ji, sannan muka zura masa. Ya fito yana zagina, ina zaginsa, muka rungume juna na kwashi rabona na laka.

Da mutane suka watse, ina naɗe igiya, Ardo ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya kama bakinta ya murɗa, ya duba riɓin ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Har yanzu ba ka faɗin ta mi ce?"

Na ce, "Har yanzu, Ardo."

"An ce ƙodago ka yi bana."

"Na yi."

"Da ka buɗe baki, da ba ka yi ba."

"Haka ne."

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Sannan ya rage murya. Ya ce saboda ɓarayin shanu ya tashi daga inda na sani, yanzu ko surukansa ba su san inda garkensa ke kwana ba. Yana son sabon dangwali, amma ba wanda za a saya a kasuwa ba. Yana son a je a auna a wurin, a tufka a wurin, kamar yadda Kawu yake yi masa da.

Ya ce, "Na daɗe ina tunanin wa zan iya nuna wa hanya. Jibi bayan asuba ka jira ni bakin gulbi. Ka zo da ramarka."

Ya miƙo mini hannu duk da lakar da ke nawa, na kama.

Na je. Kwana biyu na yi a can ina shan nono ina tufka. Da na dawo, Ɗanjumma ya tare ni a bakin zaure, ya ce, "Hauni, ina ka shiga? Ina Ardo ya ɓoye shanun nan?"

Na ce, "Ba a faɗi."